Layin da Ya Ce Kar In Taɓa

Kafin komai, ina gaida waɗanda suka cika min akwatin saƙo da nasiha. Na karanta duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa da wannan taurin kan nawa a ɗakin uwata zan tsufa. Na gode, ɗakin Umma akwai fanka. Amma tunda kun yanke min hukunci ba ku ji yadda aka yi ba, ku gyara zama in ɗauko muku daga tushe, in kun gama ji sai ku ci gaba da zagin da hujja.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana. Ina aiki a wani wurin gwaje-gwaje mai zaman kansa, inda ake ɗibar jini da ɗaukar hoton ƙirji. Ni dai ba ruwana da allura. Aikina yana can saman bene, a wani ɗan ɗaki marar taga mai sanyin tsiya, inda babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kowa take zaune tana gurnani. Saba ake ce mata a wurin aiki, ni kuma Tsohuwa nake kiranta. Sunan duk wanda ya taɓa zuwa gwaji, da sakamakonsa, da likitan da ya turo shi, duk suna cikin rumbun bayanan da take ɗauke da shi. In ta tsaya, kowa a ginin ya tsaya.

Tun da na kama aiki na same ta da nauyin jiki. Anti, wadda ke zama a kantar karɓar baƙi, za ta buga sunan mutum, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa a allo, ita kuma ta yi ta murmushin dole a gaban wanda ya kwana da zazzaɓi ya zo da yunwa don an ce kar ya ci komai kafin gwaji. Zagin da matar nan ta sha a kan abin da ba laifinta ba, ni da nake saman bene ma ina jin nauyinsa. Manaja kuwa ya riga ya yanke cewa hannunta ne ba sauri.

Sai Injiniya. Shi ne mai kamfanin da ke kawo mana kayan kwamfuta, shi ke gyara in abu ya lalace. Dogo ne, kullum cikin farar riga mai kaifin guga, da agogo mai baƙin maɗauri, da wani turare da yake barin sa a ɗakin Tsohuwa har washegari. A satina na farko ya tare ni a matakala ya ce sabuwar mai kula da saba ai dole ta sami lambar mai gyara. Lambar gyara ta koma ta gaisuwar safe, gaisuwar safe ta koma zuwa gida. Ba zan ɓoye muku ba, na so shi, so na gaske, irin wanda za ka karanta saƙo ɗaya sau biyar kana murmushi kai kaɗai.

Umma kuwa har ta fi ni. Yana zuwa zai durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya gyara mata waya, ya canza mata ƙwan fitilar kicin ba tare da an roƙe shi ba. An tsayar da magana manyansa za su zo ƙarshen wata, ta sa an yi wa falo fenti ruwan madara, ta hana kowa jingina da bango.

A wurin aiki, Injiniya ya gaya wa Manaja cewa Tsohuwa ta gama yawo. Ya ce tun kafin in zo ya ƙara mata ram, wato ƙwaƙwalwar aiki, kuma ba ta canza zani ba, don haka sai dai a sayi sabuwa. A hannunsa, ba sai na faɗa ba. An shirya sa hannu sati mai zuwa. A gida kuma ya gaya wa Umma cewa da wannan aikin zai ƙarasa ginin da za mu zauna.

Ranar da abin ya fara, ina zaune da rigar sanyi a kan doguwar rigata, ina duba me Tsohuwa ke yi da ƙarfinta. Ga waɗanda ba su san harkar ba, ku ɗauka faifan ajiya sito ne, ram kuma teburin kicin. Abin da ke kan tebur hannu kawai za ki miƙa, abin da ke sito sai kin tashi kin je kin ɗauko. Na duba na ga Tsohuwa tana da ram mai faɗin giga sittin da huɗu, amma rumbun bayanai takwas kacal yake taɓawa, sauran suna zaune ba aikin fari ba na baƙi. Shi rumbun ba ya ɗaukar abin da ba a ba shi ba. Akwai fayil na saiti, a cikinsa akwai layi ɗaya da ke gaya masa iyakarsa, kuma layin yana nan a takwas, yadda yake tun kafin a ƙara komai. An faɗaɗa tebur, an bar shi yana aiki a ɗan lungu yana safa da marwa zuwa sito.

Murna ta kama ni. Wa zan fara gaya wa in ba Injiniya ba? Na ɗauki hoton allon na tura masa.

"Injiniya, na gano ciwon Tsohuwa. Ba sai an sayi sabuwa ba, layi ɗaya ne kawai."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Kin gaya wa wani?"

"Kai ne na farko."

"Yauwa. Kar ki taɓa komai. Ina zuwa gida anjima."

Ku ji wautata, na ɗauka biki zai zo mu yi. Na koma gida na yi wanka, na sa rigata mai ruwan zuma da ya ce tana yi min kyau, na yafa mayafi marar nauyi, na dafa shayi da citta na jera kofunan baƙi. Ya zo da yamma ya zauna a kujerar da ya saba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Autar Umma, kanki yana ja, shi ya sa nake sonki," ya ce.

"To gobe da hutun rana zan gyara. Ka zo ka gani da idonka."

"Ba za a gyara ba."

Na yi dariya, don na ɗauka tsokana ce. Shi bai yi ba. Ya kurɓi shayi ya ajiye kofin a hankali.

"Ni na saka ram ɗin nan da hannuna. Kina ganin zan manta da layi ɗaya?"

"Ka san da shi ka bar shi?"

"Na bar shi ya jira lokacinsa. Su sa hannu, sabuwa ta zo, kowa ya huta. Wa aka cuta? Kayan da zan kawo musu masu kyau ne."

"Mutanen da ke wuni a layi fa? Anti fa, da ake shirin kora?"

"Ki bar maganar Anti. Ki yi tunanin gidanmu. Da me kike so in rufa ɗakinki, da addu'ar Anti?"

Yana faɗa yana murmushi, kamar wanda ya ba ni sirrin da zai ƙara mana kusanci. Ni kuwa shayin ya koma min ruwan zafi a baki. Da zai tafi ya leƙa ɗakin Umma ya ce a taya shi lallashin Auta, akwai ɗan aikin da ya ce ta dakata da shi na 'yan kwanaki.

Motarsa ba ta gama fita layinmu ba Umma ta kira ni. Tana zaune bakin gado tana ninke wanki. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da tebur da sito.

"Ni ban san giganku ba," ta ce. "Sata ya ce ki yi?"

"A'a, amma Umma..."

"Shiru ya ce ki yi. Shirun ma ya gagare ki? Mutum ya zo da mutuncinsa, na gaya wa dangi kaf, sai yanzu za ki tsiro min da wata fitina a kan ƙarfe?"

Kafin in kai ɗakina ta riga ta kira Yaya, babbar yayarmu da ke aure a wani gari. Saƙonnin murya suka fara shigowa a jere, ana jin kukan ɗanta a baya. Wai kowa a wurin aiki yana kau da kai. Wai miji irin wannan ba a kan hanya ake tsinta ba. A na ƙarshe ta ce, "Wai ni Auta, kamfanin nan na ubanki ne?" Na rubuta mata cewa ubanmu ɗaya, ta fi ni sanin abin da ya bari. Ta turo min hoton fuska mai ja.

Da safe na tafi aiki da niyyar in yi shirun. Eh, na yi niyya, kar ku ɗauka ni waliyyiya ce. Na ce sati ɗaya ne, in runtse ido ya wuce.

Ina kan matakala na ji hayaniya a ƙasa. Wata mata ce goye da yaro, jikinsa ya yi laushi, kansa ya langaɓe a bayanta. Asibiti suka turo su karɓar sakamako, likita yana jira kafin ya sa magani. An gama gwajin tun jiya, sakamakon yana cikin Tsohuwa, zoben nan kuma yana ta juyawa. Mijin matar ya buga kanta da tafin hannu. Manaja ya fito daga ofis, bai tambayi komai ba ya rufe Anti da faɗa a gaban jama'a, ya ce ƙarshen wata ta tattara nata ya nata. Anti ta ce, "To, yallaɓai," ta goge ido da gefen mayafi, ta ci gaba da kallon allo. Duk ginin nan ni kaɗai na san dalilin da yaron yake jira, kuma ina tsaye riƙe da jaka ina kallo. Kunyar kaina ta kama ni, sai kuma ta juye ta koma fushi.

Na bi Manaja ofis ko sallamar kirki ban yi ba.

"Yallaɓai, ka ba ni dama yau da hutun rana. Zan kashe saba in tada ta."

"Injiniya ya ce ba abin da ya rage a jikinta."

"Akwai. In bai yi ba, ka haɗa ni da Anti ka sallama."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in na ɓata masa bayanan mutane sai na gwammace kora. Na ce na ji.

Da rana ta yi, layi ya ragu, na ce Anti ta koma biro da takarda na ɗan lokaci. Na hau sama na rufe ƙofa. Na fara kwafe rumbun gaba ɗaya na ajiye a gefe, don ko ina fushi ban haukace ba. Na kwafi fayil ɗin saiti na ba shi wani suna, ko da za a koma baya. Sannan na buɗe shi na gangara har kan layin. Na goge takwas na rubuta arba'in da takwas. Ba a ba rumbu duka, sai an bar wa na'urar kanta abin da za ta yi numfashi, in ba haka ba ta shaƙe ta kashe shi da kanta a tsakiyar aiki.

Wayata tana ta zuzu a kan tebur, saƙonnin Injiniya suna shigowa a jere.

"Autar Umma, yau ba gaisuwa?"

"Na ga kin karanta."

"Kina ina?"

Na kife ta. Na yi bismillah na kashe rumbun, na sake tada shi. Rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo, sannan ya tsaya ya ce ya tashi lafiya. Daidai lokacin Manaja ya turo ƙofa ya tsaya a bayana.

Na buga sunan farko don gwaji. Zoben ya fito ya yi ta juyawa, har ya fi na da daɗewa. Manaja ya yi gyaran murya. Na san dalili, teburin sabo ne babu komai a kai, sai ta kwaso kaya daga sito tukuna, amma sani daban, bugun zuciya daban. Duk sanyin ɗakin nan sai da gumi ya jiƙa min wuya. Na zuba wa lambar ram ido. Ta kai shida, ta kai takwas, inda kullum take cijewa. Sai ta wuce. Goma, sha biyar, ashirin, tana hawa abinta.

Wayar cikin gida ta yi ƙara. Anti ce.

"Ƙanwata, me kika ba ta? Ban gama ɗaga yatsa ba sunan ya fito."

Na so in yi dariya, sai na ji hawaye ne ke zuwa. Manaja bai yi murmushi ba. Ya sunkuyo ya dubi allon.

"Layi ɗaya?"

"Layi ɗaya, yallaɓai."

"Wanda ya saka mana ram ɗin nan, ya kamata ya san da layin, ko bai kamata ba?"

Kafin in haɗa amsa aka aiko kiransa daga ƙasa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce zai dakatar da sa hannun yanzu, kuma zai kira ni da yamma, in yi tunani kafin in ba shi amsa.

Da na koma gida motar Injiniya tana ƙofa. Na same su a falo, shi da Umma. Yau babu ƙafa ɗaya kan ɗaya, wuyan rigarsa a buɗe, ruwan da aka kawo masa ko taɓawa bai yi ba. Umma ta yi kicin-kicin da fuska, ko amsa sallamata ba ta yi da kyau ba.

"Abin da ya wuce ya wuce," ya ce, muryarsa a ƙasa. "Ki mayar da shi yadda yake. Gobe da safe ta koma nauyinta, ki ce gyaran bai riƙe ba. Ba wanda zai zarge ki, sabuwa ce ke."

"Ɗauko kwamfutarki," in ji Umma.

"Umma, yaro na gani yau a bayan uwarsa..."

"Na ce ɗauko."

Na ciro ta daga jaka na ɗora a cinya, ko mayafi ban cire ba. Ya matso bakin kujera.

"Kin san ni ma ina da ƙofar shigata, ta masu gyara. Daga cikin mota zan iya mayarwa. Amma na fi so ki yi da hannunki, in san matar da zan aura tana bayana."

Na shiga Tsohuwa daga nan inda nake. Umma ta sauke ajiyar zuciya ta jingina. Na buɗe wurin da sunayen masu izinin shiga suke, nasa yana ƙasan nawa.

"Injiniya, tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa min a gaban Umma. Ranar da ka tare ni a matakala ka ba ni lambarka, ni ka gani, ko wadda za ta iya gano layin nan?"

Ya dubi Umma, ya dubi ƙasa. Ya murza maɗaurin agogonsa.

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Da farko don aikin ne. Amma daga baya..."

"Daga baya fa?" Umma ta tari numfashinsa, har tana miƙo wuya. "Ƙarasa mata, ɗana."

"Umma, na farkon ya ishe ni."

Na danna, na goge sunansa. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya karanta saƙon da Tsohuwa ke tura wa duk wanda aka rufe wa ƙofa, ya sake karantawa, sannan ya ɗago ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Umma tana ta tambayar me ya faru, an mayar ko ba a mayar ba.

Sai tawa wayar ta ɗauka, a kan hannun kujera, tsakanina da shi. Sunan Manaja ya cika allon, mu duka uku muna gani.

"Auta," ya ce. Babu Autar Umma, babu murmushi. "Don Allah kar ki ɗaga. In kika faɗa masa, ba wanda zai sake ba ni aiki a garin nan."

Tun da na san shi, ranar ce na fara jin muryarsa ta gaskiya, kuma abin haushin, har a lokacin ina sonsa. Umma ta kama min hannun riga ta riƙe gam.

Na miƙa ɗaya hannun na ɗaga.